Cinikin biri a sama: Ribar taya otal da tikitin jirgi a intanet da haɗarin da ke ciki

Duk wanda ya saba shiga kasuwar 'yan gwari ya san cewa kwandon tumatirin da aka ce masa "albarka" a kansa da hantsi, shi ake binsa da shi gab da magariba a kan rabin abin da ya taya. Dalilin a bayyane yake. Mai kaya ya san idan tumatir ya kwana ya tashi daga haja ya koma shara. Haka direban da ya bar tasha da kujeru biyu babu kowa yake tsayawa a bakin hanya ya ɗauki fasinja a kan abin da bai kai kuɗin tasha ba, domin man da zai ƙona ɗaya ne, ko motar ta cika ko ba ta cika ba.

Kujerar jirgin sama da ɗakin otal da motar haya duk kayan gwari ne, har ma sun fi tumatir saurin lalacewa, don shi tumatir ana iya yanka shi a shanya. Da zarar an rufe ƙofar jirgi, kujerar da ba a sayar ba ta tafi ke nan. Ɗakin da ya kwana babu baƙo, babu ranar da za a sake sayar da wannan daren. A kan wannan gaskiya aka gina wata kasuwa a Amurka wadda ta ba matafiyi damar ya taya, kamfani kuma ya sallama ko ya ƙi. Labarin tashinta da dusashewarta yana da darasi ga duk mai shirin tafiya a wannan zamani da kuɗin jirgi ya zama abin da iyali ke zama su yi shawara a kansa.

Yadda abin ya faro

A shekarar 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta janye hannun gwamnatin Amurka daga ƙayyade kuɗin jirgi. Nan take gasa ta ɓarke. Wani sabon kamfani mai suna People Express, wanda ya fara aiki a 1981, ya riƙa karya farashi har ya girgiza manyan kamfanoni. American Airlines, a ƙarƙashin Robert Crandall, ya mayar da martani a 1985 da wata dabara: ya sa kwamfuta ta riƙa ƙiyasta kujeru nawa ne za su tafi babu kowa a kowane jirgi, sai a ware su a sayar da araha, amma da sharuɗɗa masu tsauri kamar saye tun da wuri. Ɗan kasuwar da tafiya ta kama shi ba shiri ya ci gaba da biyan cikakken kuɗi, mai yawon buɗe ido kuma ya samu ragi. Kafin shekara biyu People Express ya durƙushe. Tun daga lokacin ya zama al'ada mutum biyu su zauna kafaɗa da kafaɗa a jirgi ɗaya, wannan ya biya ninki uku na abin da wancan ya biya.

Duk da haka kujeru sun ci gaba da tafiya babu kowa, kuma kamfanoni na tsoron yin shelar ragi a fili. Idan kowa ya gane cewa farashi na faɗuwa a ƙarshe, kowa sai ya jira ƙarshen. Wani ɗan kasuwa mai suna Jay Walker shi ya gano mafita. A watan Afrilun 1998 ya buɗe shafin Priceline, da tsarin da ya laƙaba wa suna Name Your Own Price, wato ka yanka wa kanka farashi. Ya ɗauko ɗan fim William Shatner ya riƙa yi masa talla, sunan kamfanin ya bazu cikin ɗan lokaci. Da farko kamfanonin jirgi biyu kacal suka yarda su ba shi kujeru, TWA da America West, sai daga baya Delta ya shigo, sauran suka biyo. Bayan jirgi aka ƙara da otal, sannan motocin haya.

Yadda cinikin yake

Tsarin ya juya gwanjon da muka sani. A gwanjo mai kaya ke kafa haja, masu saye su yi ta ƙari. A nan kuwa mai saye ne ke ajiye tayinsa, masu kaya su duba wanda zai karɓa. Matafiyi zai faɗi garin da zai tashi da inda za shi da ranakun, ya rubuta abin da zai iya biya, sannan ya shigar da lambar katin bankinsa tun kafin ya ji amsa. Idan aka sallama, an cire kuɗi ke nan, kuma a lokacin ne zai san kamfanin da zai ɗauke shi da sa'ar tashi. Dole ya amince a tashe shi kowane lokaci daga ƙarfe shida na safe zuwa goma na dare, ya kuma yarda a yada zango sau ɗaya a hanya. Babu fasawa, babu canjin rana, babu mayar da kuɗi.

A ɓangaren otal, mutum zai zaɓi unguwa da darajar taurari, ya taya kuɗin kwana ɗaya. Sunan otal ba ya fitowa sai bayan an biya. Idan aka ƙi tayinsa, ba zai sake tayawa a kan sharuɗɗan nan ba sai bayan awa 24, sai fa idan ya canza wani abu, kamar ya ƙara unguwa ko ya sauko da taurari. An sa wannan shinge ne don kada mutum ya fara daga dala ɗaya yana ƙarawa har ya gano ainihin farashin da otal ya ɓoye. Gwanayen taya sun gano hanyar kewaye shingen. Mai neman otal mai taurari huɗu sai ya ƙara wata unguwa da ya tabbatar babu irin wannan otal a cikinta. Kwamfuta za ta ɗauka sabon tayi ne, alhali a zahiri bai canza komai ba, sai ya ƙara dala biyar ya sake gwadawa.

Ɓoye suna shi ne ginshiƙin abin. Otal mai daraja ya samu hanyar sayar da ɗakunan da suka rage ba tare da ya zubar da farashinsa a idon jama'a ba. Baƙon da ya nace sai wannan otal ɗin zai biya kuɗin allo, wanda kuma bai damu da suna ba zai samu ragi. Akwai kuma abin da masu taya da yawa ba su lura da shi ba. Otal ya riga ya gaya wa shafin mafi ƙarancin kuɗin da zai karɓa. Idan an sa dala 60 kai kuma ka taya 80, za a ce maka an sallama, ka yi murna, ragowar 20 ta zauna a hannun dillali. Ashe ba kai kaɗai ke cinikin abin da ba ka gani ba. Ana kuma cinikin abin da ke zuciyarka, domin ka bayyana iyakar ƙarfinka ga wanda bai bayyana maka nasa ba.

Dalilin dusashewarsa

Priceline ya shiga kasuwar hannun jari a watan Maris na 1999, darajarsa ta yi tashin gwauron zabo. Walker ya ɗauka tsarin zai yi aiki a kan komai, har ya kafa wani reshe na taya kayan cefane da man fetur. Reshen ya rufe a watan Oktoban 2000 bayan ya cinye maƙudan kuɗi. Kuskuren a fili yake: gwangwanin madara da litar fetur ba sa lalacewa da faɗuwar rana, don haka babu abin da zai tilasta wa mai su ya sallama a kan asara. A wannan shekarar ce wasu manyan kamfanonin jiragen Amurka suka haɗu da masu zuba jari suka kafa Hotwire, wanda ya ɓoye suna amma ya bayyana farashi, ya hutar da mutane wahalar taya.

Abin da ya ceci Priceline daga ƙarshe ba gwanjo ba ne. A 2004 ya sayi Active Hotels na Ingila, a 2005 kuma ya sayi wani ƙaramin kamfanin ƙasar Holan, Booking.com, inda ake ganin sunan otal da hotonsa da farashinsa, kuma a lokuta da dama ana iya fasawa ba tare da asara ba. Wannan ɗan reshe ya girma har ya rinjayi uwar, ta yadda a 2018 aka canza sunan babban kamfanin zuwa Booking Holdings. An daina taya tikitin jirgi a 2016, motar haya a 2018, otal kuma a 2020.

Dalilai sun haɗu. Kamfanonin jiragen Amurka sun haɗe sun ragu, jiragensu suna tashi a cike fiye da da, kujerun da ake neman kai da su suka yi ƙaranci. Shafukan kwatanta farashi sun yawaita. Wayar hannu kuma ta canza ɗabi'ar mai saye, wanda yanzu yake so ya latsa sau biyu ya gama, ba ya zauna yana lissafin unguwanni da taurari ba. Hukuncin da miliyoyin matafiya suka yanke da aljihunsu shi ne cewa sanin inda za ka kwana da ikon fasawa suna da daraja, kuma sun yarda su biya ta.

Abin da ya rage a yau

Taya bai mutu gaba ɗaya ba, kama ya canza. Na farko akwai farashin ɓoyayyen suna, irin na Hotwire da na Priceline, inda ake nuna maka unguwa da taurari da kuɗi, sunan ya biyo bayan biya. Ya fi ƙarfi a biranen Amurka da Kanada da wasu manyan biranen Turai. A motar haya ma haka ne: ka san girman motar da filin jirgin da za ka karɓe ta, kamfanin ne ba ka sani ba.

Na biyu, wanda ya fi kusa da matafiyanmu, shi ne taya kujerar alfarma. Wani kamfanin Kanada mai suna Plusgrade, da aka kafa a 2009, yana gudanar wa kamfanonin jirgi da dama wannan gwanjo, kuma manyan kamfanoni irin su Lufthansa da Etihad suna da tsarin. Bayan ka sayi tikitin gama-gari, ana saura 'yan kwanaki ka tashi sai saƙo ya shigo imel ɗinka ana gayyatarka ka taya. Akwai mafi ƙarancin abin da za a saurara. Ba a taɓa katinka sai an karɓi tayin, idan aka ƙi kuwa kujerarka ta asali tana nan. Wannan ya fi tsohon tsari sauƙin haɗari nesa ba kusa ba, domin ka san jirgin, ka san lokacin. Sai dai a kula da abu uku. Tayin na kowane fasinja ne a kowane zango, don haka mai iyali ya ninka lissafi. Allon da ke nuna maka "ƙarfin" tayinka an yi shi ne don ya zuga ka ka ƙara. Sannan a wasu kamfanoni nauyin kayan da aka yarje maka yana nan yadda tikitin farko ya ce, abin da ya shafi ɗan kasuwa mai kaya fiye da faɗin kujera.

Inda abin ya shafe mu

An ɗinka wannan riga ne a jikin Ba'amurke mai tafiya cikin ƙasarsa, da katin bashi a aljihu, ba ya neman izinin kowa. Matafiyin da zai tashi daga Kano ko Abuja ko Yamai halinsa daban ne, kuma bambancin na iya mayar da riba asara.

Babban al'amari shi ne biza. Ofisoshin jakadanci da yawa suna neman shaidar masauki tare da takardun neman biza, kuma babu wanda ke da tabbacin amsar da zai samu ko ranar da fasfonsa zai dawo. Wanda ya biya kuɗin kwana bakwai a tsarin da ba a mayar da kuɗi, sannan aka hana shi biza ko ta fito bayan ranar tafiya ta wuce, ya yi asarar kuɗin baki ɗaya saboda neman ragin kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙa'ida ta farko ke nan: kada a kusanci cinikin da ba a fasawa sai biza ta shiga hannu.

Na biyu kuɗin musaya. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura 1,500. Tun kafin nan bankuna da yawa sun taƙaita, daga baya suka dakatar da amfani da katin naira a shafukan waje, sai a 2025 wasu suka dawo da shi da iyaka. A 2023 kuɗin kamfanonin jiragen waje da suka maƙale a Najeriya sun haura dala miliyan 800 bisa ƙididdigar ƙungiyar IATA, matsalar da tun kafin nan ta sa wasu suka janye tikitocinsu masu araha daga kasuwarmu, Emirates ma ya daina zuwa har sai watan Oktoban 2024. Wanda zai taya da dala ya fara tambayar bankinsa farashin da zai canzar masa da iyakar abin da katin zai iya biya. Ragin da ake gani a allo yana iya narkewa a hannun banki.

Na uku yanayin tafiyarmu. Ɗakin ɓoyayyen suna yawanci na mutum biyu ne, kuma ba a yi maka alƙawarin irin gadon da za ka samu ba. Mai tafiya da mata da 'ya'ya, ko mai raka tsohuwa asibiti, ba ya cikin waɗanda aka yi tsarin dominsu. Kalmar "unguwa" ma tana da faɗi. A ƙaddara an yi wa mai Umara tayin otal mai taurari biyar a Makka ba tare da suna ba. Duk wanda ya je ya san tazarar da ke tsakanin ɗakin da ke kallon Harami da wanda ke Aziziyya, inda sai an hau mota. Taurarin na iya zama ɗaya, amma ibadar dattijo mai ciwon gwiwa ba za ta zama ɗaya ba. Motar haya kuwa, kamfanoni da yawa a Amurka da Turai suna neman katin bashi mai sunan direba don su riƙe kuɗin jingina, kuma suna ƙara wa wanda bai kai shekara 25 ba kuɗi. Wanda ya riga ya biya a intanet ya isa teburinsu babu irin katin da suke so, yana iya rasa motar ya rasa kuɗin.

Akwai kuma tambayar da mai karatu Musulmi zai yi. Fiƙihu ya halatta gwanjo, ya hana ƙarin ƙarya da ake yi don a zuga mai saye, ya kuma hana cinikin garari, wato wanda jahilci ya yi yawa a kan abin da ake saye. A mazhabar Malikiyya an yarda a sayi abin da ba ya nan idan an siffanta shi, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo. Ko ambaton unguwa da taurari ya isa siffantawa, wannan fatawa ce ta malamai. Amma ko a mizanin hankali, ma'aunin na da amfani: gwargwadon ƙarancin abin da aka siffanta maka, gwargwadon girman abin da ka sa a haɗari.

Ga mai son gwadawa

Wanda tafiyarsa ta tabbata, ranakunsa ba za su motsa ba, shi kaɗai ne ko su biyu, kuma birnin da za shi babba ne mai otal da yawa, yana iya cin riba ta haƙiƙa, musamman a lokacin da baƙi suka yi ƙaranci. Otal-otal na unguwannin ofisoshi kan zama wayam a ƙarshen mako, na wuraren shaƙatawa kuma a tsakiyar mako. A nan ne mai kaya ke neman kai da hajarsa.

Ya fara da sanin farashin fili a shafuka biyu ko uku da shafin otal ɗin kansa, domin wanda bai zaga kasuwa ba bai san abin da zai taya ba. Ya kwatanta jimillar ƙarshe bayan haraji da la'ada, ba lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe ba. A ɗauki misali: ɗaki yana dala 150 a fili tare da damar fasawa, ɓoyayyen kuma yana 110. Idan la'adar shafin ta ɗaga shi zuwa 125, otal kuma ya karɓi wasu 20 a teburinsa da sunan kuɗin hidima, ragin ya koma dala biyar, kuma a kan wannan biyar ɗin ka sayar da ikonka na fasawa. Irin waɗannan kuɗaɗen ɓoye sun yi yawa a Amurka har hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar ta kafa dokar da ta fara aiki a watan Mayun 2025, wadda ta tilasta nuna jimillar kuɗin masauki tun farko. Ya kuma yanke wa kansa iyaka kafin ya fara, ya rubuta ta a takarda, domin gwanjo na da zafin da ke sa mutum ya manta dalilin da ya kawo shi.

Kada kuma a raina tsohuwar hanya. Kiran otal kai-tsaye a nemi ragi, musamman ga mai kwanaki da yawa, yakan yi aiki, tunda otal zai huta da biyan la'adar dillali. Sannan a yi hattara da masu tallan "tikitin gwanjo" a WhatsApp da Facebook da ke neman a tura kuɗi asusun mutum. Gwanjon kujera na gaskiya daga kamfanin jirgin da ka riga ka sayi tikitinsa yake zuwa, kuma ana iya tabbatar da shi a shafinsa. Mai Umara ya tabbatar kamfanin da zai ba kuɗinsa yana da lasisin hukumar alhazai ta NAHCON.

Bahaushe bai taɓa jin kunyar taya ba, kuma bai kamata ya fara jin ta don kasuwar ta koma cikin waya ba. Sai dai a Kantin Kwari kana taya ne shadda na hannunka, ka murza ta, ka ɗaga ta a rana, kana kuma kallon fuskar mai ita. A intanet ragin da ake ba ka kuɗin wani abu ne da ka miƙa: zaɓinka, ko lokacinka, ko ikonka na cewa ka fasa. Ɗalibin da zai kwana biyu a Landan kafin ya wuce makaranta yana iya miƙa waɗannan bai rasa komai ba. Wanda ke jiran biza, ko yake ɗauke da mara lafiya, ko ya shekara yana tara kuɗin Umarar mahaifiyarsa, abin da zai miƙa ya fi abin da za a rage masa tsada. Kafin a latsa, kowa ya tambayi kansa a wane rukuni yake. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.